Waken da ƙwaro ya ƙi ci, da sauran tambayoyinku kan cimar gida

Saƙonnin wannan makon kusan duk a madafi suka tsaya. Tsadar kayan gwangwani da yawan jin labarin hawan jini sun sa mutane waiwayar abin da iyaye suka ci. Na zaɓi guda shida, na rage wa wasu tsawo.

Tambaya: Anti, barka da ƙoƙari. Maigida ya ce in kaka ta yi zai sayi buhun wake guda mu ajiye, don ya gaji da awon kullum. Ni kuma tsoro nake ji. Bara ya kawo wani wake fari tas, babu ƙwaro ko ɗaya, amma da na jiƙa zan yi alala sai wari ya tashi kamar an fesa fiya-fiya a ɗaki. Yaya zan gane mai kyau, kuma da me zan ajiye shi? Daga wata uwargida a Gusau.

Amsa: Uwargida, hancinki bai yi miki ƙarya ba. Abin da wasu 'yan kasuwa ke yayyafa wa wake shi ne dai sinadarin da ke cikin fiya-fiya, masana na ce masa DDVP. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan magani da aka riƙa samu a cikinsa. Wanda aka ware don fitarwa waje ke nan, balle wanda ake auna mana a kwano.

Kada dai ki ɗauka duk waken da ba shi da ƙwaro guba aka zuba masa. Ki duba lokaci. Sabon wake a Nuwamba ko Disamba ba shi da dalilin yin ƙwaro. Amma wake a tsakiyar damina, a buɗaɗɗen buhu, yana ta shan iskar kasuwa, ko huda ɗaya babu, wannan sai a tambayi mai shi da me ya ajiye shi. Ki zura hannu can ƙasan buhun ki ɗebo, ki murza a tafin hannu, ki shinshina. Wanda ya riga ya yi warin magani, wanki da surfe suna rage shi, sai dai ba su fitar da shi duka, kuma ni irinsa ba na dafa wa yara.

Batun ajiya kuwa, shawarar maigida ta yi. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, kuma shi ma da iska yake rayuwa, in aka toshe masa ita ya mutu. Duk sirrin buhun PICS ke nan, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, kowanne a ɗaure bakinsa daban. Ana samunsa a shagunan kayan noma. In bai samu ba, jarkar mai da aka wanke ta bushe ƙayau tana yin aikin, matuƙar ba ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir ba. A cika ta har wuya, a sa leda a ƙarƙashin murfin, a murɗa tam. Ƙananan jarkoki huɗu sun fi babba ɗaya, domin duk buɗewa sabuwar iska kike ba ƙwaron. Kafin duk wannan a shanya waken sai kin ciji ƙwayar ta ce ƙas.

Kakata da toka take yi. Ta tankaɗe tokar murhu, ta zuba mudun toka, ta zuba mudun wake, ta cakuɗa a tulu har ya cika, ta kife kasko a kai ta yaɓe bakin da laka. Ranar da aka fasa, mu yara mu ke sheƙe tokar, mu fito furu-furu har cikin gira ana yi mana dariya. Waken kuwa lafiya lau.

Tambaya: Anti, ni amarya ce, wata biyar. Na ga ana cewa magi guba ne, sai na daina sa shi gaba ɗaya, na koma daddawa. Gishirin leda ma na bari, na sayi na gargajiya wanda ake kawowa daga Bilma. Yanzu ango cewa yake miyata lami ce, jiya ma a waje ya ci. Me zan yi? Daga Kaduna.

Amsa: Amarya, rabi kin yi daidai, rabi kin yi sauri.

Daddawa abu ce mai daraja. Kalwa ce, wato ƙwayar ɗorawa, a dafa ta tsawon yini, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu zuwa uku ta ruɓa irin ruɓar da ake so. A cikin ruɓar nan ne sinadarin da ke ba miya zaƙin nama yake fitowa. Abin da zai ba ki mamaki, shi ne dai sinadarin da ke cikin farin magi. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, shi ya fara ware shi a 1908 daga ciyawar teku da suke romo da ita, kuma yana nan a tumatir da ya nuna sosai. Don haka kalmar guba ta yi yawa. Ainihin matsalar ɗan dunƙule gishiri ce, don shi ne kaso mafi girma a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. To ki lissafa tukunyar da aka jefa wa dunƙule shida, aka bi da gishiri, aka ɗora da yaji mai magi a gefen kwano.

Harshe sabo ne, ba a yaye shi rana ɗaya. In da kina sa huɗu, koma biyu, bayan sati biyu ki koma ɗaya, daddawa ta cike gurbin. Ki daka ta da busasshen kifi, citta, masoro, 'yar kanumfari da tafarnuwa, ki zuba a kwalba ki riƙa ɗiba. Kuma a sa ta tun farko ta dahu da albasa da nama, in aka jefa ta daga ƙarshe ne warinta ke hawa kan miya. Wajen saye ki gutsura ki murza, in kin ji ƙasa-ƙasa ki ajiye musu. Wasu na yin ta da waken suya, ba ta da illa, sai dai ba ta kai ta kalwa ƙamshi ba, bai kamata a sayar miki da ita a kuɗin ta kalwa ba.

Gishirin leda kuma ki dawo da shi yau ɗin nan. Tun 1993 aka wajabta sa aidin a gishirin ci a Najeriya, kuma shi ya sa maƙoƙo ya ragu a garuruwan da a da za ki ga mata da kumburin wuya kamar an rataya musu duma. Gishirin da aka haƙo aka kawo kai tsaye ba a ƙara masa aidin ba. Ke da muke yi wa fatan samun rabo, ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki na buƙatarsa ƙwarai. Na Bilma ki bar shi don marmari.

Tambaya: Anti, na sayi zuma a hannun wani, bayan wata biyu ta daskare a gindin kwalba. An cuce ni ke nan? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ba lallai ba ne, ɗana. Zuma ta gaskiya ma tana daskarewa, musamman da sanyin hunturu. Ka tsoma kwalbar a ruwan ɗumi za ta saki. Gwajin ashana da na tururuwa da na ɗiga ta a ruwa duk ba abin dogaro ba ne, mai dafa sukari ya san su kafin ka san su. In kana son kwanciyar hankali ka nemi mai amya ka saya da saƙarta, ka tace da kanka. Ka kuma gaya wa mutanen gida kada a lasa wa jaririn da bai kai shekara ba, ko da ta fi kowace kyau, don tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa jariri ya saki jiki ya kasa tsotso.

Tambaya: Hajiya, ni ma'aikaci ne mai iyali tara. Iyalina sun nace sai shinkafa 'yar waje, ni kuma aljihuna 'yar gida yake so. Gaskiya ne 'yar gida ta fi gina jiki?

Amsa: Malam, zan so in ce maka e don ka ci gardama, amma bambancin bai kai yadda ake faɗa ba. Yawancin 'yar wajen da ake kawowa daga Tailan da Indiya turararriya ce kamar tamu, kuma turarawar nan kafin a casa ita ce ke tura sinadaran bitamin B daga ɓawo zuwa cikin ƙwaya. Inda 'yar gida ta yi gaba shi ne sabunta, da kuma cewa wadda aka casa a ƙaramin inji ba a goge ta ƙal ba, akwai sauran dusa a jikinta. Wannan ɗan duhun da ake ƙi, shi ne amfanin.

Abin da ya sa uwargida ke gudunta tsakuwa ce, kuma tana da gaskiya, ba kai kake tsugunawa da ƙwarya kana rega ba. Amma tun da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019 injinan casa masu fitar da tsakuwa suka yawaita a Kano da Kebbi da Jigawa, har ta kai ana juye 'yar gida a buhun 'yar waje a ƙara mata kuɗi. Mai yiwuwa ma ita kuke ci ba ku sani ba. Kada ka fara da buhu. Sayi kwano ɗaya-ɗaya daga wuri biyu ko uku, a dafa, wadda ta yi auki kuma babu mai ƙorafin haƙori ka koma wa mai ita. Ka gwada bushewarta: zuba 'yar shinkafar da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba, ka girgiza, ka bari jim kaɗan. In gishirin ya manne a jikin kwalbar akwai sauran danshi, za ta yi fumfuna a ɗaki.

Tambaya: Anti, Babanmu na da ciwon sukari. An ce acca kawai zai riƙa ci, ga shi a nan Maraɗi tana wuyar samu kuma da tsada. Gero ba zai yi ba?

Amsa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya ba ku ladan jinya. Acca hatsi ce mai kyau, amma hatsi ce, tana da sitaci kamar sauran. Wanda ya cika kwano da tuwon acca sukarinsa zai hau. Ban ga dalilin da zai sa ku da kuke tsakiyar ƙasar gero ku riƙa jiran abin da sai an ɗauko daga Filato ba. Geron da muke rainawa shi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa shekarar 2023 sukutum, shi da danginsa irin su dawa, tamba da accar kanta.

Yadda aka sarrafa shi ne abin lura. Kada a surfe shi ƙal, a bar masa dusarsa. Dambu da tuwo sun fi kunu da koko, domin abin da aka niƙa lukui aka dama ya fi saurin shiga jini. Fura a sha kaɗan, babu sukari, babu zuma. Malmala ɗaya madaidaiciya, miyar kuka ko kuɓewa da yawa, kwaɗon zogale ko rama, da wake a gefe. In kuna da na'urar gwaji ku auna shi awa biyu bayan cin abinci, kwana uku da gero, ku rubuta, ku kai wa likitansa. Maganin asibiti kuma kada a ajiye shi don an canza tuwo.

Tambaya: Anti, man gyaɗa na masu ƙuli ko na jarkar kamfani? Manja kuma ina jin ana sa masa kala.

Amsa: Ƙamshin man ƙuli babu na kamfanin da ya kamo shi, kuma a gidana shi ke kan wake da shinkafa. Sai dai ingancinsa na ga gyaɗar da aka matse. Gyaɗar da ta sha danshi ta yi fumfuna tana haifar da dafin da ake kira afulatoksin, wanda ke lalata hanta sannu a hankali har ya kai ga ciwon daji, kuma haɗarin ya fi yawa ga mai ciwon hanta nau'in B. Suya ba ta kashe shi. Tacewar kamfani na cire mafi yawansa daga mai, ga kuma bitamin A da aka wajabta ƙarawa a man kamfani tun 2002, alamarsa ita ce hoton idon nan da ke jikin jarka. Wannan sai wanda ke a rufe da lambar NAFDAC. Wanda ake aunawa daga durom babu suna babu lamba, bai zama na gida ba, bai zama na kamfani ba, shi na fi gudu.

Manja gaskiya ne, ana samun masu zuba masa rinin da ake kira Sudan, wanda aka haramta a abinci, hukumomi a Najeriya da Gana duk sun yi gargaɗi a kai. Ja zur mai ɗaukar ido, ki bar shi. Kuma ki daina ƙona manja har ya yi fari, a hayaƙin nan amfaninsa ke tafiya.

Ni ga yadda nake yi da gyaɗa. Da kaka nake sayen tiya uku, in baza a faifai bayan la'asar, ni da yara mu tsince duk wadda ta yamushe, ko ta yi baƙi, ko ta fashe ta yi kore-kore a ciki. Tsintar na kai mu magariba. Washegari in aika wa wata dattijuwa a bayan layinmu da ke yin ƙuli, in biya ta ladan aiki. Da yamma yarinyarta ta shigo da kwalabe a hannu, man da sauran ɗumi, ƙulin kuma a roba a kanta. Ƙulin ba ya kwana uku a gidan.