Pompeii: rabin yini zai isa, kuma sai da ɗan jagora?

Malam ka tambaya ko rabin yini zai isheka zagaya Pompeii, tsohon garin Rumawan nan na Italiya da toka ta binne, kuma ko dole ne ka biya ɗan jagora. Gaskiya rabin yini maneji ne kawai, garin nan fa wajen hekta 66 ne kuma duk a ƙafa zaka taka kan duwatsun da Rumawa suka shimfiɗa, don haka ka nemi kambas mai kyau. Daga Napoli ka hau jirgin ƙasan Circumvesuviana mai zuwa Sorrento ka sauka tashar Pompei Scavi, kamar minti 40 ne, ƙofar Porta Marina na nan dab da tashar.

Ɗan jagora kam ni dai ina ganin ka ɗauka ko na awa biyu ne, in ba haka ba bango kawai zakai ta kallo kana wucewa. Shi zai nuna maka shagunan abinci masu tukwane a binne cikin kanta, da gidajen burodi da dutsen niƙansu, sai kuma siffofin mutanen da toka ta rufe sanda dutsen Vesuvius yai aman wuta a shekara ta 79 miladiyya. Wasu na cewa wai gawarwaki ne suka zama dutse, a'a, ramin da jikin ya bari cikin toka ne wani masanin kayan tarihi mai suna Giuseppe Fiorelli ya fara cikawa da filasta a 1863.

Tikiti ka saya da wuri don tun 2024 mutum 20,000 kawai ake bari a rana. Ka riƙe gora, akwai famfuna a ciki, inuwa ce dai tai ƙaranci. In lokaci ya ƙure maka je Herculaneum, shi ma tsohon gari ne da Vesuvius ya binne, ya fi ƙanƙanta kuma layin jirgin ɗaya ne.