Anya ba yaron mai kaya ba ne ke zuga min farashi a gwanjon intanet?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, an wuni lahiya. Ni ɗan Mabera ne nan Sakkwato, ina ɗan taɓa sana'ar laftof tokumbo, kwanan nan na hwara shiga gwanjo a wani babban shafi na Amurka, in na ci sai a kai ma wani abokina can shi haɗa shi aiko min. To satin da ya wuce na ga wata laftof tana dala 140 saura kwana 4 a ruhe, na sa 250 a matsayin iyakar abin da zan iya biya. Sai ga wani akawun da ko tarihin ciniki guda bai da shi, ya dinga ƙara biyar-biyar har ta kai 247.50 sannan ya tsaya cik, ni na ci amma wallahi raina bai yi daɗi ba. Wani karon kuma an wuce ni, ba a jima ba sai ga saƙo wai wanda ya ci ya hwasa, in biya abin da na taya in ɗauka. Malam anya ba mai kayan ne ke wasa da hankalina ba? Kuma yaushe ya fi dacewa a sa tayi, da wuri ko can ƙarshe?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah shi yi ma kasuwa albarka. Ba ka faɗi sunan shafin ba amma yadda ka kwatanta tsarin shi irin na eBay ne, don haka da shi zan yi maka bayani.

Kai tsaye dai, na biyun nan da ka faɗa ya fi wari, na farkon kuwa zai iya zama cuta zai iya zama kawai ka haɗu da wani sabon shiga ne mai tsoron kuɗinshi, kuma daga inda kake zaune ba ka da hanyar rantsewa a kan ko ɗaya. Masu shafin su ke ganin lambar waya da katin banki da adireshi da na'urar da anka shiga da ita, kai sunan mutumin ma a rufe kake ganin shi, harafi biyu da taurari. Shi ya sa nake gaya ma yaranmu da ke wanga harka kar su ƙarar da ƙarfinsu wajen aikin ɗan sanda, su gyara yadda suke tayi ta yadda ko akwai ɗan zuga ko babu ba abin da zai ci a jikinsu.

Sai ka fara gane abin da ya faru lokacin da ka rubuta 250 ɗin nan. Shafin bai ɗauki 250 ya manna a allo ba, ya riƙe ta ne a ɓoye yana tsaya maka, duk wanda ya taya sai ya ɗora maka ɗan ƙari kaɗan bisa nashi nan take. A eBay tsakanin dala 100 zuwa ƙasa da 250 ƙarin dala 2.50 ne, daga 250 zuwa ƙasa da 500 kuma dala 5. To wancan mutumin duk sa'ad da ya sa 150 sai ya ga an ce an wuce ka 152.50, ya sa 155 an wuce ka, ya sa 160 an wuce ka, cikin daƙiƙa guda, kuma ba mamaki shi ma yana can ɗakinshi yana zagin "yaron mai kaya", alhali kai ne, kana barci ma lokacin. Mutane da yawa haka suke tayi, ba su yarda su rubuta iyakarsu ba, sai dai su yi ta tsakura har su gaji. Kuma mutum ya gaji a 245 ba abin mamaki ba ne tunda kowa da irin waɗannan cikakkun lambobi yake tunani, 200, 250, 300. Rashin tarihi shi ma shi kaɗai ba hujja ba ne, kai ma ranar da ka buɗe naka akawun sifili gare ka.

Amma fa tayin ƙarya na nan, ba tatsuniya ba ne. A shekarar 2000 gwanjon wani zane a eBay ya rufe kan dala 135,805 mutane na zaton aikin wani shahararren mai zane ne Richard Diebenkorn, ashe jabu ne, kuma mai sayarwar Kenneth Walton, lauya ne ma a Kalifoniya, shi da abokanshi biyu sun yi ta buɗe akawun kala-kala suna taya kayan junansu. A 2001 gwamnatin tarayyar Amurka ta gurfanar da su. Dokar eBay ɗin kanta ta hana mai kaya ko wani nashi ya taya don kawai a ɗaga farashi. Mu kuma ai ba sai Bature ya gaya muna ba, duk wanda ya taɓa zuwa Kara sayen rago ana gobe-jibi layya ya san mutumin nan da ke ɓullowa daga bayanka ya dafa ƙahon ragon ya ɗora dubu goma bisa tayinka, in ka juya ka tafi ka dawo za ka iske shi suna shan shayi da dillalin. Najashi ke nan, Annabi (SAW) ya hana shi kamar yadda ya zo a hadisin Ibn Umar cikin Buhari da Muslim, kuma Imam Malik a Muwaɗɗa ya fassara shi da ka ba da fiye da kuɗin kaya ba ka da niyyar saye don wani ya bi sawunka. Malaman Malikiyya sun ce in ya tabbata da sanin mai kaya anka yi, mai saye na da zaɓi ya riƙe ko ya mayar. Shi gwanjon kanshi, wa zai ƙara wa zai ƙara, halal ne, ƙaryar ce haram.

Abin da za ka duba ba tayi guda ba ne, ɗabi'a ce. Buɗe tarihin tayin laftof ɗin, sannan ka buɗe na sauran kayan da wanga mai kaya ya sayar a baya. In ka ga akawun guda, adadin tarihinshi iri ɗaya, yana bayyana a kayan mutum guda, yau laftof gobe takalmi jibi injin wanki, kullum shi ne na biyu bai taɓa ci ba, to ba haka mai saye na gaskiya ke yi ba, mai neman laftof wajen masu laftof daban-daban yake yawo. In kuma ya yi kuskure ya ci sai ka ga bayan kwana biyu kayan sun dawo kasuwa da hotuna iri ɗaya, har tabon da ke gefen murfin yana nan, wannan ita ce alamar da na fi yarda da ita. Akwai kuma masu janye tayi. Mutum zai sa dala 1,000 da gangan, allo ya nuna 255, wato iyakarka 250 da ƙarin 5, ya ga abin da yake son gani sai ya janye ya ce kuskuren rubutu ne, can anjima wani akawun ya zo ya ajiye 245 daidai. Je ka duba ƙasan tarihin, ana rubuta tayin da anka janye da lokacinshi. In akwai janyewa kafin biyar-biyar ɗin nan to magana ta canza, in babu, ni dai zan bar shi a zato.

Na biyun kuwa ga dalilin da ya sa na ce ya fi wari. Tsarin ba da dama ta biyu halastacce ne, ana yin shi in wanda ya ci ya ƙi biya ko in mai kaya na da irin kayan fiye da ɗaya, amma kuɗin da ake nema wurinka shi ne tayinka na ƙarshe, wato iyakarka cif, ba kuɗin da za ka biya ba da a ce wancan bai shigo ba tun farko. Ka ga ke nan macuci ba ya ma buƙatar tsayawa a ƙasanka, ya wuce ka kawai ya dawo ya ce ga dama. Kuma mai gaskiya yakan ɗan jira wanda ya ci ko zai biya, wa ya san mutum ya fasa cikin awa biyu in ba shi ne mutumin ba? Ba dole ka karɓa ba, ƙin karɓa ba ya ɓata maka akawun. Sannan ka tabbata saƙon cikin shafin yake, in ta imel ko WhatsApp ya zo ana cewa ka tura kuɗi ta wata hanya, wannan ma ba ɗan zuga ba ne, ɓarawo ne tsagwaronshi.

To batun lokaci. Kuskurenka ba 250 ba ne, kwana 4 ɗin nan ne. Ka ajiye iyakarka a shafin tsawon kwana huɗu kowa ya zo ya latsa ya ji zurfinta, mai tsoro ya tsakura, macuci ya auna. A shafin da agogo ke yankewa ƙaf ba ƙarin lokaci, irin eBay, tayi guda ake yi, da cikakkiyar iyaka, a daƙiƙun ƙarshe. Ba wayon banza ba ne kuma dokar shafin ba ta hana ba. Masana tattalin arziki biyu, Alvin Roth da Axel Ockenfels, sun fitar da bincike a 2002 inda sunka kwatanta eBay da gwanjon Amazon na wancan zamani wanda ke ƙara minti 10 in an yi tayi a ƙarshe, sunka ga a eBay tayin ƙarshen lokaci ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma gogaggu su sunka fi jinkirtawa. Dalilin a fili yake, wanda bai ga tayinka ba ba zai iya zuga shi ba.

Sai dai mu nan muna da namu matsaloli da ɗan Amurka bai da su. Gwanjon da zai rufe ƙarfe 7 na yamma a Kalifoniya, a Sakkwato ƙarfe 3 ne ko 4 na asuba gwargwadon lokacin shekara, ga netwok da sai ya ga ka matsu yake ɗaukewa, ga waya saura kashi biyar ba wuta. Don haka kar ka ce sai saura daƙiƙa 3 kamar yadda za ka ji ana faɗi, sa naka saura 20 ko 30, ka shiga akawun tun da wuri, ka cike lambar ka tsaya a wajen tabbatarwa. Akwai manhajojin da ke sa ma mutum tayi a daƙiƙar ƙarshe yana barci, suna aiki, amma ka san kana ba su ikon shiga akawun ɗinka ne, ka yi bincike kafin ka miƙa. Kuma daina rubuta cikakkiyar lamba. In iyakarka 250 ce rubuta 252.60 ko makamancin haka, don in ku biyu kunka sa 250 daidai wanda ya riga shi ke ci, kuma tunda kai a ƙarshe kake zuwa kai ne za ka faɗi.

Wanga dabara ba ko'ina take ci ba fa. Gwanjon Yahoo na Japan yawanci mai kaya na kunna ƙarin minti 5 duk sa'ad da anka yi tayi gab da rufewa, a Copart da 'yan'uwanmu ke sayo motoci kuma agogon komawa yake yi da kowane sabon tayi. A irin waɗannan wurare ba wani ɓuya, abin da ke tsare ka kawai shi ne lambar da ka rubuta a takarda tun kafin a fara. Can ma in anka ce maka tayinka bai kai mafi ƙarancin abin da mai kaya ke so ba, wannan ba najashi ba ne, albarka ce ya ce maka.

Ita lambar kuma daga Sakkwato ake lissafo ta a koma baya, ba daga allon gwanjo ba. Nawa za ka sayar da laftof ɗin a shagonka, kuɗin da ka san ana biya ba wanda kake fata ba? A ce ya kama dala 400 a canjin ranar. Cire kuɗin aikowa, cire harajin sayayya da ake ɗorawa in adireshin abokinka na jihar da ke karɓa (jihohi irin Delawaya da Oregon ba su karɓa, shi ya sa kamfanonin jigila ke son buɗe sito can), cire kwastan da kuɗin mota daga Legas ko Kano, cire batir da caja da kusan kullum sai an canza, cire ribarka. In abin da ya rage 220 ne, to 220 ce iyakarka, kuma 250 ɗin da ka sa tun asali ta yi yawa ko da ba wanda ya zuga ka. Duba kuma farashin da anka sayar da irinta a makonnin baya, shafin na da wajen tace kayan da anka riga anka sayar, can gaskiyar kasuwa take ba a abin da masu kaya ke rubutawa ba. In an wuce ka da dala 2.50 kar zuciya ta ce maka da ka ƙara kaɗan da ka ci, ba ka san iyakar wancan ba, ƙila 400 ya rubuta.

Ba ka tambaya ba amma bari in faɗa tunda ya yi yawa garin nan, gwanjon da ake yi a guruf na WhatsApp da kai-tsaye na TikTok, waya ko atamfa ko turare, babu ko ɗaya daga cikin kariyar da na lissafa. Admin shi ne mai kaya, shi ne alƙali, shi ke da agogo, kuma layi biyu cikin waya guda sun ishe shi ya zama mutum uku. In za ka shiga, ka san mutumin ido da ido, kuma kar ka tura sisi sai ka riƙe kayan a hannu.

Ita laftof ta 247.50 tunda ka ci ka biya, don ƙin biya kai zai shafa ma baƙin fenti, in ya taru ma a takura maka akawun. Ka ɗauki sikirinshot na tarihin tayin tun yanzu, in ka ga janyewar nan ko akawun ɗin ya sake bayyana a kayan mutumin sai ka kai rahoto ta maɓallin da ke shafin kayan, ka sa lambobin kayan duka a ciki ba dogon labari ba. Kar ka tura ma mai kayan saƙon zargi, in macuci ne ka farkar da shi ya canza akawun, in kuma ba shi ba ne ka ɗauki alhakinshi kuma zai iya toshe ka daga kayanshi gaba ɗaya.