Filin Shari'a: Umarnin Hana Bibiya, da Batun Sa Yara a Rajistar Masu Lalata

Tambaya: Assalamu alaikum. A Manchesta nake zaune. Wani da muka taɓa aiki tare ya addabe ni yau wata bakwai: saƙo dare da rana, in na toshe lamba ya sake wata, sau biyu ina ganinsa tsaye a bakin makarantar 'yata. Bai taɓa kai mini hannu ba. An ce kotu ba ta shiga sai ya yi wani abu. Haka ne? (Wata 'yar'uwa, Ingila)

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ba haka ba ne, 'yar'uwa. Tun 2012 bibiya ta zama laifi mai zaman kansa a Ingila da Wels, ko ba a taɓa jikin mutum ba. Mai sauƙinta ɗaurin da bai wuce wata shida ba ne. Wadda ta jefa mutum cikin tsoron farmaki, ko ta dagula masa harkokin yau da kullum, tana iya kaiwa shekara 10 tun gyaran 2017. Sai dai bincike yana cin lokaci, mai bibiya kuwa ba ya jiran kotu. Wannan giɓin aka toshe da dokar 2019, wadda ta fara aiki ranar 20 ga Janairun 2020, ta kawo umarnin kariya daga bibiya.

Ba ke za ki shigar da buƙatar ba. 'Yan sanda kaɗai ke nema a kotun majistare, kuma ko sisi ba za ki biya ba. Abu uku za su nuna wa kotu: ya aikata ayyukan bibiya, yana da haɗari, kuma akwai dalilin ganin umarnin ya zama dole. Ana iya ba da na wucin gadi kafin a zauna sauraron cikakkiyar buƙatar. Cikakken ba ya gaza shekara biyu, ana ma iya barinsa ba wa'adi. Yana hana shi tuntuɓarki ta kowace hanya, har ta bakin wani, da zuwa unguwarki ko makarantar yarinyar. Yana kuma iya tilasta masa yin wasu abubuwa, kamar zuwa a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa ko bai wa 'yan sanda damar duba wayarsa. Cikin kwana uku dole ya kai musu sunansa da adireshinsa. In ya karya umarnin, laifi ne sabo mai ɗaurin har shekara biyar.

A takarda ke nan. A aikace an daɗe ana kuka cewa 'yan sanda ba sa neman umarnin. A 2022 gidauniyar Suzy Lamplugh, mai tallafa wa waɗanda ake bibiya, ta jagoranci ƙungiyoyi suka shigar da babban ƙorafi, kuma rahoton binciken da ya fito a Satumbar 2024 ya gaskata su. Ɗaya daga cikin abin da ya kawo cikas shi ne nauyin hujja: da farko ana neman irin ta shari'ar laifi, wadda ba ta barin shakka. A Afrilun 2024 aka gyara jagorar da gwamnati ta ba 'yan sanda, yanzu ya isa a nuna cewa abin da kika faɗa ya fi rinjaye. Saboda haka ki ambaci umarnin da bakinki, ki tambayi jami'in da ke riƙe da maganarki ko sun duba yiwuwarsa, in sun ce a'a su ba ki dalili.

Inda akasarin irin wannan ƙara ke lalacewa shi ne a kai rahoto ɗaiɗai. Saƙo ɗaya ba komai ba ne a idon ɗan sanda, tsayuwa a bakin titi ma haka. Jerin su ne laifin. Ki buɗe littafi guda: rana, lokaci, wuri, abin da ya faru, wanda ya gani. Ki ɗauki hoton kowane saƙo yadda lamba da kwanan wata za su fito, kada ki goge komai kome muninsa. Ki karɓi lambar ƙara ranar farko, ki riƙa ambatonta duk lokacin da kika koma. Ki sanar da makarantar a rubuce. Ki sauya kalmomin sirri, ki duba mota da jaka ko an maƙala na'urar bin sawu irin AirTag. Kada ki ba shi amsa, ko ta zagi ce, domin wanda ya aiko saƙo 40 aka amsa na 41 ya koyi cewa naci yana biya. Mun san al'adarmu ta a tura manya su yi magana, amma a nan zaman sulhu ba shi abin da yake nema ne: ganinki da jin muryarki.

Tambaya: Lauyoyi, mu a Najeriya fa, akwai irin wannan takarda? (Wani mai karatu, Abuja)

Amsa: Akwai, Malam. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta sa bibiya cikin laifuka, da ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka biyun. A nan mai ƙorafi da kansa zai iya neman umarnin kariya a babbar kotu, ko wani ya nema masa da izininsa a rubuce, kamar ɗan sanda ko ma'aikacin jin daɗin jama'a. Kotu kan haɗa umarnin da takardar kamu da aka jingine, wadda za ta tashi da zarar an karya sharaɗi. Ka ajiye kwafinta a inda hannu zai kai. Wannan doka ta tarayya ce, Abuja ta shafa kai tsaye. In a jiha kake, sai ka nemi wadda majalisar jiharka ta zartar, don hukunci da kotun da ke saurare suna bambanta.

Tambaya: Na ji wasu jihohin Amurka suna cire yaran da suka yi lalata daga rajistar masu laifin. Wannan ba ɗaure wa ɓarna gindi ba ne? (Ɗalibin shari'a, Zariya)

Amsa: Tambayarka tana da tushe, ɗalibi, domin alƙaluman 'yan sandan Amurka sun nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na laifukan lalata da ƙananan yara, yara 'yan ƙasa da 18 ne ke aikata su. Ba ƙaramin abu ba ne. Amma a fara da fahimtar kotun yara a can. Ba ta cewa ta ɗaure mai laifi, cewa take ta tabbatar yaro ya aikata, galibi alƙali ne shi kaɗai ba masu taya shi yanke hukunci, kuma ana rufe fayil don yaron ya gyaru ya ci gaba da rayuwa. Rajista ta zo ta karya wannan tsari. Dokar Megan ta 1996 ta sa ana bayyana masu laifin ga jama'a, sai dokar Adam Walsh ta 2006 ta ja yara daga shekara 14 waɗanda suka aikata mafi munin laifukan. Su ne a mataki na uku, mafi tsanani a rajistar: bayyana gaban hukuma duk wata uku, har mutuwa, sai in an yi shekara 25 ba tabo sannan a nemi sassauci. Jihar da ta ƙi bi tana asarar kashi 10 cikin ɗari na wani tallafin tsaro na tarayya, wasu kuwa sun lissafa suka ga asarar ta fi musu sauƙi.

An gina dokar kan zaton cewa wanda ya fara ba ya dainawa. Ga yara zaton bai tsaya ba. A 2016 wani mai bincike, Michael Caldwell, ya tattara bincike 106 da suka shafi yara sama da 33,000, ya ga a binciken da aka yi tsakanin 2000 da 2015 waɗanda aka sake kamawa da irin laifin ba su kai kashi uku cikin ɗari ba. Gaskiya ne wannan adadin waɗanda aka kama ne kawai, ana ɓoye irin wannan laifi ƙwarai, amma ko an ninka shi bai kai a yi wa kowa kuɗin goro ba.

Illar kuwa a fili take. Sau da yawa wanda aka cutar ɗan gida ne, ƙanwa ko ɗan kawu, don haka buga suna da adireshin yaron tona asirin wadda aka zalunta ne. A wuraren da ke hana mai rajista zama kusa da makaranta, gida guda ke tashi. Sannan binciken Elizabeth Letourneau a Karolina ta Kudu ya nuna masu gabatar da ƙara sun koma sauya tuhumar zuwa wani laifin daban don kauce wa rajista, wanda ke nufin yaron zai iya rasa maganin da ya dace da shi.

Kotuna ne suka fara juyawa. Kotun ƙolin jihar Ohayo ta soke rajistar har abada da ke hawa kan yaro kai tsaye a 2012, ta Fensilbaniya a 2014 ta ce ba a hana yaro damar nuna cewa ba shi da haɗari, ta Kolorado ta bi a 2021. Majalisar jihar Washinton a 2023 ta taƙaita waɗanda ake sawa, ta mayar da wa'adin shekara biyu ko uku. Ba a soke hukunci ba, ba a soke tsarewa ba. Abin da ya sauya shi ne a duba kowane yaro: shekarunsa, tazarar da ke tsakaninsa da wanda ya cutar, ko an yi amfani da ƙarfi, ko ya kammala magani. A ganinmu gyaran daidai ne, muddin ana zuba kuɗi a maganin da ke haɗa iyaye, ana kuma raba yaron da wanda ya cutar har ƙwararru su amince. Ingila tun asali ba ta buɗe tata rajistar ga jama'a, kuma ɗan ƙasa da 18 rabin wa'adin babba yake yi, in wa'adin mai iyaka ne.

Tunda shari'a kake karanta, ga abin dubawa a gida. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015 ta ce rajistar masu laifin a buɗe take ga jama'a, hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane ta ƙaddamar da ta ƙasa a Nuwambar 2019, kuma dokar ta tanadi ɗaurin har shekara 14 ga wanda ya yi fyaɗe yana ƙasa da 14. Dokar 'yancin yara ta 2003 kuma ta hana buga duk abin da zai sa a gane yaron da ake tuhuma. Lauyan da irin wannan ƙara ta zo masa, takardar haihuwa zai fara nema kafin komai, domin shekarun da aka rubuta a caji ofis ranar farko su kan yanke kotun da za a kai yaron.