Tambarin Gidan Murphy da Neman Asalin Kakanni a Ailan

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Dublin, matata 'yar Ailan ce, sunan gidansu Murphy. An ba 'yarmu aiki a makaranta ta zana tambarin gidan kakanninta na wajen uwa. Na duba a waya na ga shafuka barkatai suna sayar da "tambarin gidan Murphy" a jikin kofi da riga, har da takardar shaida. Wanne ne na gaskiya kafin in biya?

Amsa: Wa alaikumussalam. Yallaɓai, riƙe kuɗinka tukuna. A ƙa'idar Ailan, wannan tambari mai garkuwa da zaki da kwalkwali ba na suna ba ne. Mutum guda ake ba, sai zuri'arsa ta gada. Kamar rawanin sarauta yake: don sunanka ya zo ɗaya da na hakimi, ba shi zai sa a naɗa maka ba. Masu shafukan nan suna ɗauko tambarin da aka taɓa danganta wa wani Murphy, su manna wa duk wanda ya rubuta sunan a akwatin bincike. Murphy kuwa shi ne sunan gida mafi yawa a ƙasar, kuma ba daga tushe ɗaya ya fito ba. Na gundumar Wexford daban, na gundumar Cork daban.

Hukumar da ke da ikon bayar da tambari ita ce ofishin Chief Herald, wanda ke ƙarƙashin Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa a titin Kildare, nan Dublin ɗinku. A 1943 ya gaji wani tsohon ofishi da aka kafa tun 1552. Shugabansa na farko, Edward MacLysaght, ya taɓa kawo ra'ayin cewa 'yan dangi ɗaya za su iya rataye tambarin shugaban danginsu don tunawa da asali, ko da ba mallakinsu ba ne, kuma har yau masana na saɓani a kai. Don aikin makaranta, yarinya ta zana wanda ta gani kyauta, ta rubuta a ƙasa cewa tambari ne da ake dangantawa da sunan. Takardar shaidar da ake sayarwa kuwa ado ce kawai.

Tambaya: Malam, surukata ta haura tamanin, burinta ta san ƙauyen da kakanta ya fito kafin ya tafi Amurka. Waya kawai gare ni. Ta ina zan fara, kuma dole sai na biya kuɗin rajista?

Amsa: Allah ya saka miki, Hajiya, wannan hidima ce babba. Kafin ki taɓa intanet, kunna na'urar ɗaukar murya ta wayarki ki zauna da tsohuwar. Tambaye ta sunaye, addinin gidan, sunan matar kakan kafin aure, da duk sunan wurin da ta taɓa ji a bakin manya. Idan akwai tsofaffin wasiƙu ko hotuna, ɗauki gaba da baya, don sau da yawa a bayan hoto ake rubuta gari.

Na nace a kan sunan wuri ne saboda an kasa Ailan zuwa ƙananan yankuna kimanin dubu 61 da suke kira townland, wasu ba su fi 'yan gonaki ba. In ba ki da wannan suna ko na cocin yankin, za ki tarar da Patrick Kelly ɗari, ki rasa naku. Shafin logainm.ie da townlands.ie za su taimaka miki gano rubutun sunan daidai.

Sai ki san wani abin takaici. A ranar 30 ga Yunin 1922, farkon yaƙin basasarsu, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Four Courts a Dublin ta ƙone, ta tafi da kusan dukkan takardun ƙidayar jama'a na 1821 zuwa 1851. Ta 1861 zuwa 1891 kuwa hukuma ce da kanta ta lalata tun kafin gobarar. Shi ya sa wasu ke cewa komai ya ƙone. Ba haka ba ne, kuma mafi yawan abin da ya tsira kyauta ne.

Fara da ƙidayar 1901 da 1911 a shafin Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa. Za ki ga takardar da maigida ya cike da hannunsa, ko alamar da ya yi in bai iya rubutu ba. Ta 1911 ta fi amfani, don ta nuna shekarun da ma'aurata suka yi tare da yawan 'ya'yan da aka haifa da waɗanda ke raye. Kada shekarun haihuwa su ruɗe ki. Dokar fansho ta 1908 ta ba 'yan shekara 70 kuɗi, don haka akwai mutane da yawa da suka ƙara wa kansu shekaru, har a takarda suka tsufa fiye da shekara goma tsakanin ƙidayar biyu.

Daga nan ki wuce irishgenealogy.ie. Rajistar gwamnati ta haihuwa da aure da mutuwa ta fara ga kowa a 1864, auren waɗanda ba Katolika ba kuma tun 1845. Shafin na nuna haihuwar da ta wuce shekara 100, auren da ya wuce 75, mutuwar da ta wuce 50. Takardar aure ita ce zinariya, don tana ɗauke da sunan uban ango da na amarya, kin ga kin ƙara hawa tsani ɗaya. In kakan ya fita zamanin babbar yunwar 1845 zuwa 1852, sai ki koma littattafan cocin Katolika a registers.nli.ie da kuma ƙididdigar filaye ta Griffith, 1847 zuwa 1864, a askaboutireland.ie. In kuma asalin daga Arewacin Ailan ne, ma'ajiyar takardun gwamnatin yankin, PRONI, da ke Belfast ita ma tana da nata.

Ta ɓangaren waya, buɗe Chrome ki taɓa ɗigo ukun da ke sama ki zaɓi tsarin kwamfuta, shafukan sun fi zama daidai a haka. Hotunan littattafan coci na shan data, gara ki jira Wi-Fi. Da yawansu da Latin aka rubuta: Jacobus shi ne James, Gulielmus William, Joannes John. Google Lens na yawan tuntuɓe a tsohon rubutun hannu, ki faɗaɗa hoton ki karanta da idonki. Gwada sunan da O' ko Mc a gaba, sannan ki gwada babu su, don iyali ɗaya kan ajiye su a wata takarda su ɗauko a wata. Duk abin da kika sauke, sa masa suna da shekara da wuri, ki tura kwafi Google Drive. Kuma ina roƙonki kada ki ce wa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta jero miki salsala, za ta iya ƙago suna da kwanan wata ta miƙo miki kamar gaske.

Tambaya: Na gina bishiyar zuri'a a wani shafin kuɗi, ina so in daina biya. Aikina zai ɓace?

Amsa: Kafin ka soke, shiga saitunan bishiyar ka sauke ta a fayil ɗin GEDCOM, wato nau'in fayil da manhajojin salsala ke karantawa. Manhajar Gramps, wadda kyauta ce a kwamfuta, za ta buɗe shi. Sai dai fayil ɗin rubutu kawai yake ɗauka, hotuna da takardun da ka liƙa sai ka sauke su ɗaya bayan ɗaya tun rajistarka na aiki.