Ƙara girman bim zai sa a rage ringi?

Salam ɗan uwa, tambayarka ita ce idan ka ɗaga zurfin bim daga 450mm zuwa 600mm ko za ka iya rage ringi, wato zoben rodi da ake ɗaurawa kewaye da dogayen rodin cikin bim, don rage kuɗin rodi. Gaskiya ban ba ka shawarar haka ba.

Eh, babban bim ya fi ɗaukar nauyi, amma ƙarfin da yake hana shi tsagewa a kaikaice kusa da pila ba ya ƙaruwa daidai da girmansa, musamman in ringi bai wadata ba. Idan kankare ya tsage, tsakuwar ciki ce take cije juna tana riƙe nauyin, to a bim mai zurfi tsagar ta fi buɗewa sai cizon ya ragu. Tun 1967 gwajin wani injiniya mai suna Kani a Toronto ya nuna haka. Abin tsoron shi ne irin wannan karyewar ba ta ba da sanarwa, lokaci ɗaya take zuwa.

Na taɓa ganin wani gini da mai ɗaurin rodi ya baje ringi da ido, wajen pila ma ya bar tazara mai faɗi, bayan an cire katako sai ga tsaga ta miƙe a karkace kamar an ja layi. Wurin nan ne ya fi buƙatar ringi a matse. BS 8110, tsohuwar ƙa'idar Birtaniya ta ginin kankare, ba ta yarda tazarar ringi ta wuce 0.75 na zurfin bim daga samansa zuwa tsakiyar rodin ƙasa ba, kuma kar a bari lebura su cika ruwa a kwaɓin ko su fasa bim don wuce da bututu.

Don Allah ka kai zanen wurin injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ya sake lissafi kafin a zuba.