Zaman Shiru a Taro Don Kashe Rikici: Mene Ne Hukuncinsa?

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni matashi ne a Kuseri, a arewacin Kamaru. Tun rikicin 2021 tsakanin Musgum da Larabawan Shuwa hankalinmu bai kwanta ba. Wasu baƙi suna tara matasa, a zauna a rufe ido minti 20 safe da yamma, wai bincike ya nuna idan jama'a suka yi tare faɗa yana raguwa a gari. An ce ranar farko in zo da furanni da 'ya'yan itace da farin hankici, za a raɗa mini wata kalma. Ya halatta?

Amsa: Ɗana, da zaman shirun kaɗai ka tambaya, da na ce halal ne, babu saɓani. Hankicin nan da furannin su ne suka canja hukunci. Siffar da ka kawo ta tsarin TM ce (Transcendental Meditation, wato zaman shiru ana maimaita wata kalma a zuci), wanda Maharishi Mahesh Yogi na Indiya ya yaɗa. Kayan da aka ce ka kawo ana ajiye su ne gaban hoton malamin Maharishi da ya mutu, mai koyarwa ya rera yabon girmamawa da Sanskirit, tsohon harshen addinin Hindu, sannan ya ba ka kalmar. Wannan hadaya ce ga wanin Allah, halartarta haram ce. Ko kotun Amurka ta yanke a 1977 cewa karatun nan na addini ne, ta hana shi a makarantun gwamnati na jihar Niyu Jasi.

Wasu masu ilimi suna cewa kalmar sauti ce kawai, kuma niyyar zaman lafiya ta wanke ta. Ban yarda ba. Niyya tana gyara abin da yake halal a asalinsa, ba ta mayar da ibadar wani addini halal. In da gaske sauti ne kawai, ka ce musu za ka musanya ta da istigfari, kuma ba za ka kawo hankici ba, ka ji abin da za su ce. Malamanmu sun hana ruƙiya da lafazin da ba a san ma'anarsa ba, balle wanda za ka maimaita minti 40 kullum, aka kuma hana ka faɗa wa kowa.

Binciken kuwa, mabiya tsarin ne suka yi mafi yawansa, kamar na Kudus a 1983 da na Washintan a 1993, inda kusan mutum 4,000 suka taru. A lissafinsu, gari mai mutum 100,000, mutum 32 daga masu zurfi a tsarin sun isa su rage faɗa a cikinsa. Masana da dama sun soki yadda aka zaɓi alƙaluman. Natsuwar wanda ya zauna abu ne sananne. Cewa zamansa zai sanyaya zuciyar wanda ke wani gari kamar Logone-Birni bai ma san ana yi ba, wannan magana ce ta gaibu.

Kada ka kafirta abokanka da suka je, yawancinsu ba a fassara musu komai ba. Ka kuma lura da kuɗin rajista kafin wani ya ci bashi. Rikicinku a kan ruwa ya taso, tsakanin masunta da makiyaya. In kana son lada, bi bulaman unguwarku da limamai wurin zaman sulhu a kan mashayar dabbobi, sulhu ya fi nafilar azumi daraja. Natsuwa kuma, zauna bayan Asuba da azkar har rana ta fito. Wallahu a'alam.