Sautin kalangu ya ƙi shiga samfla, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa kiɗan hip hop da manhajar FL Studio a Kaduna. Abokina ya ɗauko min sautin kalangu a wajen wani biki, ya turo min ta saƙon murya na WhatsApp. Na ja shi cikin samfla, wato inda ake loda sauti a mayar da shi kayan kiɗa, ya ƙi buɗewa, na canza ƙarshen sunan zuwa .wav, har yanzu shiru.

Amsa: Wa alaikumus salam. Canza suna ba ya canza abin da ke cikin fayil, kamar ka rubuta shinkafa ne a jikin buhun gero. Saƙon murya na WhatsApp yana zuwa ne da tsarin Opus, wanda yake matse sauti sosai don kada ya ci data, kuma samfloli da yawa ba su san shi ba. Ka mayar masa da sunansa na asali, ka buɗe shi a Audacity, manhaja ce ta kyauta, sai ka fitar da shi a matsayin WAV, tsarin da ba ya matse sauti. Idan ta ƙi karɓarsa, ka ƙara mata FFmpeg, manhajar da ke taimaka mata karanta wasu tsare-tsaren sauti.

Zai buɗe, amma kada ka sa rai da yawa. Abin da matsewar ta zubar ya tafi ke nan. Kaifin da ake ji lokacin da makaɗi ya sauka kan fata, da lanƙwasar muryar kalangu idan an matse tsarkiya a hammata, a nan ɓarnar take fara bayyana, musamman in ka rage saurin sautin ko ka sauke muryarsa. Ni dai abin yana min ciwo in ji kiɗa mai kyau ya lalace a hanya. In da hali, abokin naka ya sake ɗauka da manhajar da ke ajiye WAV, ya turo ta wajen da ake tura takardu a WhatsApp, domin ta nan fayil yana isowa yadda yake.

Tambaya: Duk luf ɗin ganga (guntun kiɗa mai maimaita kansa) da na sauke a MP3, in ya zagayo sai in ji ya ɗan yi tuntuɓe. Laifin kwamfutata ne?

Amsa: Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Wajen haɗa MP3 ana ƙara ɗan gajeren shiru a farkon fayil da ƙarshensa. Mai sauraron waƙa ba zai lura ba, amma luf da zai zagayo kowane daƙiƙa biyu ko uku dole ya tona asirin. Ka buɗe shi a Edison da ke cikin FL Studio, ka zuƙo hoton sautin har ka ga inda bugun farko ya tashi, ka yanke abin da ke gabansa, ka daidaita ƙarshen, ka ajiye a WAV.

WAV ɗin nan Microsoft da IBM suka fito da shi a 1991, kuma da wuya ka samu samflar da ba ta karanta shi. AIFF na Apple ɗan uwansa ne, shi ma ba ya matse komai. Matsalar WAV ita ce cin wuri: minti ɗaya na sitiriyo a 44.1 kHz da bit 16 yana cin kusan MB 10, MP3 na 128 kbps kuwa kusan MB 1. In ma'ajiyar kwamfutarka ta cika, tsarin FLAC yana rage girma ba tare da ya zubar da komai ba.

Wasu kan ce ai tsofaffin furodusoshin New York da sauti mai ƙura suka yi suna. Gaskiya ne, na'urar samfla SP-1200 ta kamfanin E-mu da ta fito a 1987 bit 12 take ɗauka a 26.04 kHz, kuma kusan daƙiƙa 10 kacal take riƙewa. Sai dai ƙurarta kauri take ƙara wa ganga, ita kuwa matsewar MP3 sa kuge take yi ya riƙa shuu kamar ana kaɗa shi cikin ruwa. In wannan ƙurar kake so, ka fara da WAV mai tsabta, ka rage bit ɗin da kanka daga baya.

Tambaya: An ba ni tarin kayan kiɗa masu ƙarewa da .nki, samflar FL Studio ta ƙi su.

Amsa: Waɗannan na Kontakt ne, manhajar kamfanin Native Instruments da ke Berlin. Galibi fayil ɗin .nki umarni ne da ke faɗa wa Kontakt wane sauti zai zauna kan wane maɓalli, sautukan kansu suna wata jaka a gefensa. Kontakt Player na kyauta yana buɗe tarin da aka yi wa rajista da shi ne kawai, sauran kuwa minti 15 zai ba ka ya tsaya. Leƙa jakar sautukan. In WAV ne a ciki, ja su kai tsaye cikin samflarka. In ka ga .ncw ko .nkx, sai da Kontakt ɗin.